Waƙoƙin Kirsimeti a wurin aiki sun hana ni sakat, ko ni ce mai matsala?

Tambaya: Salam Dakta. Ni ɗaliba ce a Ingila, ina ɗan aiki a wani gidan abinci da yamma. Tun farkon Nuwamba suka saka waƙoƙin Kirsimeti, su ɗin dai ake ta maimaitawa, wallahi ko na kwanta ina jin su a kaina, ga saurin fushi da ban saba ba. Lafiyata ƙalau kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, lafiyarki ƙalau, kuma su kansu Turawan da bikin nasu ne suna wannan kukan. A 2017 wata masaniyar halayyar ɗan adam a nan Ingila, Linda Blair, ta yi bayani cewa ma'aikatan kantuna ƙarfinsu yana ƙarewa ne wajen ƙoƙarin toshe abin da kunnensu ke ji dole.

Abin da ke faruwa shi ne, ƙwaƙwalwa tana son abin da ta saba da shi, waƙa in kin ji ta sau biyu sau uku sai ta fara miki daɗi, amma akwai iyaka, da an wuce nan sai gundura, daga gundura sai haushi, ko zuma ce aka ce kullum ita za ki sha safe da dare sai ta gundure ki. Kuma waƙoƙin bikin nan ba su da yawa, tsofaffin nan ne dai ake juyawa duk shekara. Kwastoma ya shigo ya ci abincinsa ya tafi da nishaɗi, ke kuwa kina tsaye da faranti uku a hannu, kina riƙe odar tebur biyu a kanki, ga sifika a saman kanki tana maimaita waƙar nan karo na barkatai kuma ba ki da ikon kashewa. Rashin ikon nan shi ya fi cin rai, ya fi ƙarar kanta.

Masu wurin kuma ba don Allah suke sakawa ba, kasuwa ce. Wani mai bincike, Ronald Milliman, ya gwada a Amurka, a 1982 a babban kanti sannan a 1986 a gidan abinci, ya ga in kiɗa mai sanyi ne mutane sun fi daɗewa kuma sun fi kashe kuɗi. Ni dai a ganina rashin adalci ne a lissafa aljihun kwastoma a manta da kunnen ma'aikaci.

To ki samu manaja, amma kar ki je ke kaɗai, ku haɗu da abokan aikinki, don na tabbata ba ke kaɗai abin ke damu ba. Kar ku ce a kashe gaba ɗaya, ba zai yarda ba, ku ce a cakuɗa da wasu waƙoƙin, ko a saka na kiɗa zalla wanda ba murya, a rage ƙara, in an rufe ana shara a kashe. Ba sabon abu ba ne, a 2016 kamfanin kantunan nan na Ingila, Marks & Spencer, ya cire kiɗa a kantunansa.

Lokacin hutunki ki fita inda ba ƙara ko na minti goma ne. Ita kuma waƙar da ta maƙale a kai, gwada tauna cingam, wani bincike a jami'ar Reading a 2015 ya nuna yana rage ta. Amma in rashin barcin ya zarce har bayan Janairu an daina saka waƙoƙin, to ki ga likita.