Tambaya da Amsa: Koci ya tafi, yaro ya zauna ko ya sauya sheƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗan ƙanwata yana karatu a wata jami'a a Amurka, yana buga musu ƙwallon nan tasu mai kama da zari-ruga, kuma da tallafin wasan ake biya masa makaranta. Ya kira mahaifiyarsa ya ce babban kocinsu ya koma wata jami'a, abokansa duk sun fara haɗa kaya. Mu nan Ittihad da Ahli muka sani. Me za mu ce masa? Daga kawunsa, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ku fara kwantar wa mahaifiyarsa hankali, domin daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu haka abin yake kowace shekara, kuma tafiyar koci ɗaya takan girgiza makarantu da dama. A ranar 10 ga Janairu 2024 babban koci Nick Saban ya yi ritaya daga jami'ar Alabama bayan kaka 17 da kofin ƙasa shida a can. Kwana biyu tsakani suka ɗauko Kalen DeBoer daga Washington. Washington ta ɗauke Jedd Fisch daga Arizona, Arizona ta ɗauke Brent Brennan daga San Jose State. Mutum ɗaya ya ajiye aiki, ƙungiyoyi huɗu suka wayi gari da sabon shugaba.

Amma sunan babban koci kada ya ɗauke muku hankali. A ƙarƙashinsa akwai mataimaka da yawa, kuma uku ne suka fi shafar yaronku. Na farko kocin da ke kula da gurbin da yake bugawa, wanda yake tare da shi kullum a fili da ɗakin kallon bidiyo. Maganarsa tana da nauyi wajen zaɓen wanda zai fara wasa. Na biyu mai tsara salon kai hari ko na tsaron baya. Idan sabon ya zo da salon jefa ƙwallo da sauri, yaron da aka ɗauko saboda nauyinsa da iya ture mutane zai iya ƙarewa a benci ba tare da ya yi laifin komai ba. Na uku kocin ɗaga ƙarfe da motsa jiki, wanda a watannin hutu ya fi kowa ganin 'yan wasa. Ya tambaya kai tsaye: cikin ukun nan wa ya zauna, wa ya bi mai gida?

Sai batun lokaci, inda yawancin yara ke yin tuntuɓe. Tun 2018 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta buɗe rajistar masu neman sauya makaranta. Lokacin tafiyar Saban 'yan wasa na da kwana 30 su shiga, a nan ne ɗan wasan Alabama Caleb Downs ya koma jami'ar Ohio State. A ƙarshen 2025 aka rage zuwa kwana 15, ana fara ƙirga su kwana biyar bayan an sanar da sabon koci, ga kuma ƙofa guda ta kowa da kowa daga 2 zuwa 16 ga Janairu. An soke ƙofar da a da ake buɗewa a watan Afrilu. Ma'ana ba zai iya jira ya ga yadda atisayen bazara zai kasance sannan ya yanke shawara ba. Ya nemi zama da sabon kocin a cikin kwanakin nan, ya ji da kunnensa ko yana cikin lissafi.

Shiga rajistar ba alkawarin samun gurbi ba ne, da yawa sun shiga ba wanda ya kira su. Kuma da zarar sunansa ya shiga, makarantarsa na da ikon janye tallafin a ƙarshen zangon. Sabuwar jami'a tana iya ƙin lissafa wasu darussan da ya ci, digiri ya ƙara nisa. In da bizar ɗalibi yake zaune, dole a mayar da takardarsa ta I-20 zuwa sabuwar makarantar ta hannun ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje. Haka kuɗin talla da aka halatta wa 'yan wasa tun Yuli 2021, bizar ɗalibi ta taƙaita masa su sosai, kada wani dillali ya ruɗe shi da su. Shawararmu, in tallafinsa na nan daram kuma kocin gurbinsa bai tafi ba, ya zauna.

Tambaya: Daga Janairu zuwa Agusta ba wasa, to me suke yi? Kuma ƙarfe nawa ake kallo a nan? Daga wani ɗalibi, Madina.

Amsa: Ɗan'uwa, aiki suke yi tuƙuru. Hunturu na ɗaga ƙarfe ne da gudu. A Maris da Afrilu ana ba kowace ƙungiya zaman atisaye 15 cikin kwana 34, yawanci a rufe da wasan gwaji tsakanin 'yan gida, a nan sabon koci ke dasa salonsa. Sansanin shiri yana buɗewa wajen farkon Agusta, kaka ta fara a ƙarshen watan. Yawancin wasanni ranar Asabar ne. Wanda aka fara da sha biyun rana agogon gabashin Amurka, ƙarfe 7 na yamma ne a Saudiyya, ya koma ƙarfe 8 bayan sun sauya agogo a farkon Nuwamba. Manyan wasannin dare kuwa sai wajen biyu da rabi na dare suke farawa, su kai ka kusa da asuba.