Farar tsakuwar da ke gindin gangare, kanwa ce?

Tambaya: Malam, ina zaune a unguwar Nima a Accra, amma na sayi ɗan fili a wajen garin Afienya da ke filayen Accra, rabinsa tudu rabinsa kwari. Da muka haƙa rami a kwarin, ƙasar baƙa ce mai danƙo, muka yi ta tono fararen tsakuwoyi kamar gyaɗa. A kan tudun ko ɗaya ba mu gani ba. Uwargida ta ce kanwa ce. Yayana da ke noma kusa da Kumasi ya ce bai taɓa ganin irinsu ba. Mene ne wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, a gaida uwargida, amma kada ta kai su tukunya. Jefa ɗaya a kofin ruwa: kanwa za ta narke, wannan kuwa za ta kwana yadda take. Ka fasa wata ka matsa mata lemun tsami, za ka ga 'yar kumfa tana tashi. Sinadarin alli ne, wanda masana ke kira kalshiyam kabonet, irin na ɓawon ƙwai da na katantanwa.

Daga tudun naka ya gangaro. Duwatsun da ke ƙarƙashin baƙar ƙasar filayen Accra, daga wajen tsaunukan Shai har zuwa Akuse, suna da kalshiyam da yawa. Idan ruwan sama ya nutse, yakan haɗu da iskar kabon da saiwoyi da ƙananan halittun ƙasa ke fitarwa, ya ɗan yi tsami, ya riƙa cin dutsen a hankali. Ruwa ba ya zama a kan tudu. Sai ya bi ta cikin ƙasa ya gangara da abin da ya narkar. A kwari laka ta tare shi. Da hunturu ya shigo, rana da saiwoyi suka zuƙe ruwan, ƙasa ta dare, iskar ta fice, sai allin ya rasa abin da zai riƙe shi, ya daskare a wurin. Bana kaɗan, baɗi kaɗan a kan na bara. Wannan da ka riƙe a tafin hannunka aikin ɗaruruwan shekaru ne, wani ma dubbai. Na taɓa tsayawa bakin irin wannan rami a wajen Kpong, kusa da Akuse, ina kallon fararen ɗigo a jikin baƙar laka kamar an watsa gero, kuma har yau abin yana burge ni.

Yayanka gaskiya ya faɗa. Accra tana samun ruwan da bai wuce wajen milimita 800 ba a shekara, Kumasi kuwa wajen 1,400. A can ruwan ya isa ya wanke allin gaba ɗaya ya kai shi rafi, shi ya sa ƙasarsu ja ce mai tsami, tsakuwarta ta marmara.

Idan lambu za ka yi a kwarin, kada wani ya sa ka sayi farar hodar rage tsamin ƙasa, kana da ita a ƙarƙashinka. Taki da ruɓaɓɓen ganye za ka yawaita. Idan kuwa gini ne, tsakuwar ba ta dame ni ba, lakar ce abin tsoro: tana kumbura da damina, ta motse da rani, ta tsaga bango. Ka nemo injiniya ya duba ramin kafin a zuba kankare, in da hali ka matsa da ginin sama wajen tudun.