Kwana biyu a Cape Coast: dajin Kakum ko gidajen bayi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana da yaranmu uku da surukata za mu taso daga Kumasi zuwa Cape Coast, kwana biyu kacal, guzurin kuma ba yawa. Yara sun kafe sai dajin Kakum don su ga giwa, shi kuwa maigida tsoffin gidajen bayi yake so. Ina za mu sa kuɗinmu?
Wata uwa daga Zangon Kumasi

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Tun kafin ku shiga mota ki lallashi yaran. Giwa dai akwai ta a Kakum, amma giwar kurmi ce mai gudun mutane, da wuya baƙon yini ɗaya ya yi ido biyu da ita. Abin da ake biyan kuɗi dominsa shi ne gadar igiya da aka rataye a tsakanin manyan bishiyoyi, kashi bakwai, tsawonta kimanin mita 350, wadda aka buɗe a 1995. Lilo take yi in an taka, ƙasa kuma tana can nesa, fiye da mita 30 a wasu wuraren. Yara za su more. Amma kafin a kai gare ta sai an hau tudu mai sa haki, don haka kada ki sayi wa Inna tikiti. Ta zauna a inuwa wajen mashiga, ta fi samun daɗi. Dajin yana da nisan kusan kilomita 30 daga gari, ku yi sammako kafin motocin 'yan makaranta su iso.

Rana ta biyu ta maigida ce, kuma a ganina ita ce tafiyar. Gidajen, inda ake tsare bayi a da kafin a kai su jirgi, biyu ne, na Cape Coast da na Elmina, kusa da juna. In ɗaya kuɗin zai ɗauka, ku zaɓi Elmina. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. A nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896, labarin da ya shafe ku mutanen Kumasi. Ku bi mai jagora, domin in babu shi bango kawai za ku kalla. Sai dai kurkukun ƙasa duhu ne da zafi, ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi kuma tana sa manya ma hawaye. In autanku bai kai shekara bakwai ba, ya tsaya waje da kakarsa su kalli kwale-kwalen masunta. Ranar Talata dai masuntan ba sa fita teku.

Ku riƙe Ghana Card ɗinku, wato katin shaidar ɗan ƙasa, domin kuɗin shigar 'yan ƙasa bai kai na baƙi ba. A bakin ƙofar gidan bayin samari za su tambayi sunanki, kafin ki fito sun rubuta shi a jikin ƙwaryar kodi suna jiran kuɗi. In ba ki so, ki yi murmushi ki wuce. Tsaraba a kasuwar Kotokuraba ta Cape Coast ta fi araha.

Makon farko na Satumba lokacin bikin Fetu Afahye ne, bikin gargajiya na mutanen Cape Coast, masauki na tsada, ku kauce masa. Teku kuma a kalle ta daga bakin gaɓa: ruwan wajen yana da ja, kada yaro ya shiga.