Malam, me ya haɗa zinariya da Au?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Aboabo, Kumasi, ina shirin WASSCE. Alamomin sinadarai ne ke ɗaure min kai a kemistiri, oxygen O, carbon C, duk wannan na gane, amma gold sai a ce wai Au, sodium Na, potassium kuma K. Akwai dalili ne ko hadda kawai zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Dalili kam akwai. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya kawo tsarin nan na haruffa wajen 1813, kuma ba daga Turanci ya ɗebo su ba, daga Latin ne, don shi ne yaren da malaman Turai suka yi tarayya a kai. Zinariyar nan da ake haƙowa a Obuasi da Tarkwa sunanta aurum, shi ya sa Au. Azurfa argentum, Ag, ƙarfe ferrum, Fe, dalma plumbum, Pb. Zaiba kuwa, wadda 'yan galamsey, masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, ke kama zinariya da ita tana lalata mana koguna, Hg ce, daga hydrargyrum, wato azurfa mai ruwa, in kin taɓa ganin yadda take gangarawa ba za ki manta ba.

Na da K ma sun fi kusa da gida. Na daga natrium ne, shi kuma daga natron, ai kanwa ce, irin wadda Hajiya ke jefawa a miyar kuɓewa ko tukunyar waakye, sodium ne a cikinta. K daga kalium, tushensa Larabci, al-ƙalyu, tokar tsirrai da mutanen zamanin da suke tacewa su yi sabulu, kin ga buhun takin NPK, toh K ɗin nan shi ne.

Ni dai ban ga amfanin haddace teburin sinadarai (periodic table) kamar karatun aku ba, cikin sinadarai 118 guda 11 ne kacal alamarsu ta saɓa da sunan Turanci, su za ki riƙe da labarinsu. Bakwai mun gani, sauran huɗun su ne Cu (copper), Sn (tin), Sb (antimony) da W, shi W ɗin tungsten ma daga Jamusanci ya zo, wolfram.

Inda yara ke zubar da maki a banza shi ne girman harafi. Na farko babba, na biyu ƙarami, kullum. Co cobalt ne, in kika rubuta CO kin koma carbon monoxide, iskar gubar nan da ke fita daga janareto da gawayi, kuma mai duba takarda ba zai tsaya tambayarki wanne kike nufi ba. Allah ya ba da sa'a.