Tambaya da Amsa: "Malam, anya ba damisa nake gani a Ibeju-Lekki ba?"

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya iyali ya ƙoƙari. Ni mai gadi ne a wani fili da ake gini a ɓangaren Ibeju-Lekki, bayan katangarmu daji ne da fadama har yanzu ba a share ba. Wallahi Malam sau uku kenan ina ganin wata dabba wajen ƙarfe biyun dare, in na haska tocila idonta sai ƙyalli yake, jikinta ɗigo-ɗigo baƙi da fari, ta kai girman matsakaicin kare, kuma kajin mai abincinmu biyu sun ɓata. Yaran da muke kwana tare sun ce damisa ce, wani ma ya ce mu haɗa kuɗi a kira maharbi. Ni dai tsoro ya hana ni zagaye da dare, dan Allah mene ne wannan?
Daga mai gadi, Ibeju-Lekki

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare ku ya ba da ladan neman halal. To ka kwantar da hankalinka, yadda ka siffanta dabbar nan ni dai abin da ya zo min a rai jibda ce, wadda wasu ke cewa muzurun juda, kuma akwai ta sosai a dazuzzukan Lekki da Epe, duk wanda ya taɓa shiga kasuwar naman daji ta Epe ya ga an shimfiɗa ta a kan tebur. Da dare take fita, ɗigon jikinta baƙi ne a kan fari-fari ko toka-toka, fuskarta da baƙi zagaye da ido kamar an shafa mata gawayi, tana tafiya kai a ƙasa ƙugu a sama, in ta tsorata sai gashin gadon bayanta ya miƙe tun daga wuya har wutsiya ta ƙara girma a ido, to a nan ne mutum mai tocila da tsakar dare zai rantse maka damisa ya gani. Nauyinta daga kilo 7 zuwa 20 ne kawai. Damisa kuwa namijinta yana kai kilo 60, kalarta ruwan ɗorawa ce, ɗigon nata zagaye-zagaye ne kamar fure, wutsiya doguwa sosai, kuma kukanta kamar ana yanka katako da zarto, wanda ya taɓa ji ba ya mantawa.

Ga abin da za ka yi gobe da asuba kafin leburori su tattake wurin, ka je inda ka saba ganinta ka duba sawu a laka. In ka ga alamar farce a gaban yatsun to ba damisa ba ce, domin damisa da zaki da kyanwar gida duk suna maida farcensu ciki in suna tafiya, kare da jibda su ne farcensu ke fitowa a ƙasa. Sannan ka duba ko akwai wani wuri guda da kashi ya taru da ƙwallayen 'ya'yan itace a ciki, jibda haka take, wuri ɗaya take zuwa ta yi bayan gida kullum. Kuma ka lura, da damisa ce ke zagaya ku da ba kaji biyu za ku rasa ba, karnukan unguwa da awaki za su fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

Maganar maharbi kuma dan Allah ku bar ta, wannan ya dame ni gaskiya. Jibda ba ta farautar mutum, ɓeraye take ci da kwaɗi da ƙwari da 'ya'yan itace, kazar ma don ta same ta a sake ne, ku yi wa kajin akurki mai ƙofa ku daina zubar da ragowar abinci a bayan katanga za ku ga ta rage zuwa. Kakanninmu fa sun san darajar dabbar nan, a da kiwonta ake yi a keji a ƙasar Hausa ana kwasar turaren jibda daga jikinta ana sayarwa, har Turawa sun daɗe suna sa shi a turarensu. Kuma mu tuna ita ce 'yar gida a wurin, mu ne muka zo da buldoza muka cike fadamar da yashi. Abu ɗaya, kar a ritsa ta a lungu kar a ce za a kama ta da hannu, tana cizo, kuma duk wanda dabbar daji ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15 ya wuce asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare, kar a tsaya shafa man zafi ko toka.

TAMBAYA: Malam ƙanina ne ya samu aiki a gidan wani mai kuɗi a nan Legas, ashe mutumin yana da ɗan zaki a keji a bayan gida, yanzu an ce shi zai riƙa ba shi nama yana wanke kejin an ƙara masa albashi. Ya ce min ai ya saba da shi har yana lasar hannunsa. Hankalina bai kwanta ba.
Daga wata 'yar'uwa, Agege

AMSA: 'Yar'uwa hankalinki ya yi daidai da bai kwanta ba, ni ma da na karanta saƙonki gabana sai da ya faɗi. In akwai inda zaki zai kashe ɗan Arewa a Legas to a irin wannan kejin ne, domin mu ake ɗauka gadi, mu ake miƙa wa bokitin nama, ba horo ba kayan aiki ba komai sai "ai kai Bahaushe ne ba ka tsoro".

Ki gaya masa abin da ya faru a watan Fabrairun 2024 a gidan namun dajin jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ma'aikacin da zaki ya kashe shi ne yake kula da zakunan tun aka haife su, kusan shekara 9 yana ba su abinci, a wajen ba da abincin abin ya faru. A watan Satumban wannan shekarar kuma aka sake yi a wani gidan namun daji a Abeokuta, nan kusa da mu, mai kula da zaki ya je ba shi abinci ƙofar kariya a buɗe, nan take ya kama shi a wuya. Waɗannan fa aikinsu kenan sun shekara suna yi. Hausawa da suka yi wa damisa kirari da ƙi-sabo sun san abin da suka gani, zaki ma haka yake, ɗan da ke lasar hannu yau nan da shekara biyu ya fi ƙaninki nauyi nesa ba kusa ba, babban namiji yana wuce kilo 150, wasa ma in ya yi da mutum sai an kwashe shi.

Kuma ajiye shi a gida cikin unguwa ba abu ne da hukuma ke ƙyalewa ba. A watan Nuwamban 2019 jami'an gwamnatin Legas sun je wani gida a titin Muri Okunola da ke Victoria Island bayan maƙwabta sun kai ƙara, suka sa wa zakin da ke ciki allurar barci suka kai shi gidan namun daji na Omu da ke Bogije. To ranar da irin haka ta faru mai gida yana da lauya, yaron da ke riƙe da makullin keji shi za a fara tambaya. Shawarata ya ce wa ogansa cikin ladabi shi ba zai iya wannan ɓangaren ba, in an ce sai dole ya yi, to ya haƙura da aikin, ki taya shi cigiya wajen 'yan'uwa a Mile 12 ko Alaba Rago ko nan abbatuwar Oko-Oba kusa da ku, Allah ba zai hana shi wani ba. Kafin nan kar ya kuskura ya shiga keji zakin na ciki ko da na minti ɗaya ne, kar ya zura hannu ta tsakanin ƙarafa, in kuma zakin ya taɓa kuɓucewa ƙanin naki ya kulle kansa a ɗaki ya kira 112 ko 767.

TAMBAYA: Mun yi musu a majalisarmu ta Obalende, wani ya ce akwai taiga a Najeriya, ni na ce babu. Kuma wai har yanzu akwai zaki a daji a ƙasar nan?

AMSA: Kai ne da gaskiya. Taiga mai zane-zane a jiki dabbar nahiyar Asiya ce, Indiya ce ta fi kowa yawanta, babu ita a dajin Afirka ko ɗaya. Ruɗanin daga suna ne, mu mukan ce wa taiga da tamu mai ɗigo duka damisa, maƙwabtanmu Yarbawa ma in suka ce ekun sau da yawa sai a fassara musu da taiga alhali tamu mai ɗigo ake nufi. Ita tamu tana nan amma ta yi ƙaranci ƙwarai, sai irin dajin Gashaka Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa.

Zaki kuma abin akwai ban tausayi, wani bincike da aka fitar a 2014 ya nuna wuri biyu kawai ya rage masa a Najeriya, Yankari a Bauchi da dajin Kainji, duka-duka ba su kai 50 ba, a Afirka ta Yamma baki ɗaya kuwa kusan 400 ne, mafi yawansu a dajin da ya haɗa iyakar Benin da Burkina Faso da Nijar. Dattawanmu da suka taso suna jin rurinsa daga bayan gari suna nan da ransu, ku tambaye su ku ji.