Ƙanena ya bar shan maganin HIV, za a sake karɓarsa kuwa?

Tambaya: Likita, ƙanena ya yi wata 8 rabonsa da maganin HIV. Da ya ji ƙarfin jikinsa sai ya koma kasuwancinsa a Illela, ya kama shan na gargajiya. Yanzu ya rame, ga tari, amma kunya ta hana shi komawa asibiti. Daga wata mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malama, za a karɓe shi. Masu dawowa irinsa kullum ana ganinsu, kuma maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke bayar da shi, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙwararru na Sakkwato.

Tarin nan ne ya fi damuna. Maganin HIV ba ya kawar da ƙwayar cutar, danne ta yake yi. Da an daina sha, cikin 'yan makonni take sake yawa a jini, garkuwar jiki ta yi ƙasa, tarin fuka ya samu ƙofa. Don haka ku je cikin makon nan, kada ku jira ya kwanta. Za a gwada majinarsa, a auna garkuwarsa da gwajin CD4. In sakamakon ya gaza 200, cutar ta yi nisa, sai a ƙara bincike, a haɗa masa da magungunan kariya kamar Septrin. In yana fama da matsanancin ciwon kai ko sanƙarewar wuya, yau za ku tafi.

Kada ya ɗauko ragowar ƙwayoyin da ke cikin jakarsa ya ci gaba da sha da kansa. Ya tafi da katinsa da tsohuwar robar maganin, ya faɗi gaskiyar watannin da ya yi da abin da ya sha a tsakani. Yawanci TLD, wato haɗin magungunan HIV uku, ake mayar da mutum kai, ƙwaya ɗaya a rana, sannan bayan 'yan watanni a auna yawan ƙwayar cutar a jininsa.

Sai kuma dalilin barin, wanda in ba a taɓo shi ba za a koma gidan jiya. In tafiye-tafiye ne, da ya daidaita ana iya ba shi na wata 3 zuwa 6 lokaci ɗaya. In tsoron haɗuwa da idon sani ne, ya nemi takardar sauya asibiti. Ke kuma ki raka shi ranar farko, ban da gori. In yana da mata, ita ma ta zo a gwada ta.