Yaya ake rayuwa a ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a Mabera, nan Sakkwato. Iyakar ruwan da na sani Gulbin Rima ne da dam ɗin Goronyo. Na ga hotunan mutanen da ke zaune cikin ƙaramin jirgi mai filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa, suna bin garuruwan bakin teku shekara da shekaru. Me suke ci, me suke sha? Kuma Musulmi zai iya wannan zama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka tuna fataken da, da ayarinsu da madugunsu da zangonsu, to ka kama hanyar fahimtar mutanen nan. Jirgin shi ne gida, shi ne abin hawa, tsawonsa yawanci mita 10 zuwa 13, da ɗakin kwana ɗaya ko biyu, da madafa, da ƙaramin bayan gida. Akwai inji, amma sai wajen shiga tasha ko in iska ta ɗauke ake tayar da shi. Tafiyar yini da kwana ba ta cika wuce kilomita 200 da 'yan kai ba, kamar daga Sakkwato zuwa Gusau ke nan.

Abin da ya fi komai tsada shi ne ruwan sha, kana kuwa zaune a kan ruwa. Tankin jirgin lita 200 zuwa 400 yake ɗauka, shi za a yi ta lallaɓawa har a kai zango na gaba. Kwanuka da ruwan gishiri ake wankewa, a ɗauraye da ɗan ruwan daɗi. Wanka ma haka, sabulu kuma ba ya kumfa sosai a ruwan teku. Masu hali suna da na'urar da ke tace gishiri, sai dai tana cin wuta. A ganina mutumin da ya taɓa sayen jarka a hannun mai garuwa cikin zafin watan Afrilu zai fi Bature saurin sabawa da wannan tattali.

Nan ma amsar tambayarka ta ƙarshe take. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wani mutum ya ce wa Manzon Allah (SAW) suna hawa teku da ruwa kaɗan, in suka yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su. Sai aka amsa masa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Ka ga matsalar matuƙan yau ita ce ta wancan zamanin. Alwala da guga ɗaya daga gefen jirgi ta wadatar, alƙibla kuma kamfas ɗin da ake tuƙi da shi zai nuna maka.

Abinci shinkafa ne, taliya, wake, albasa, kayan gwangwani, da kifin da aka kama da ƙugiyar da ake ja a bayan jirgi. Murhun gas ɗin a rataye yake yana lilo, don tukunya ta tsaya daidai ko jirgin ya karkata. Wuta daga sola da batir. Dare shi ne mai wuya, domin a tsakiyar teku ba a tsayawa. Ana karɓa-karɓar gadi, awa uku ko huɗu kowa, ana duban fitilun manyan jiragen kaya. Kwana biyun farko jiri da amai kan kayar da ko jarumi.

Ni dai abin da ya fi shiga raina shi ne isa ƙaramin gari. Ana jefa anka, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a wuri ɗaya, a lungun da ke da kariya daga iska, a saki sarƙa ninki uku zuwa biyar na zurfin wurin, sannan a shiga ɗan kwalekwalen roba a fita gaɓa. In sabuwar ƙasa ce, sai an ɗaga rawayar tuta an je wurin kwastan da jami'an shige da fice kafin a yi yawo. Daga nan sai neman famfo, da kasuwa, da mai cika tukunyar gas, da mai walda, don kullum akwai abin da gishiri ya cinye. Mai jirgi a nan baƙo ne mai bukata, kamar bafatake a zango, dole ya gaida mutane, ya tambayi masunta inda duwatsu da yashi suke da lokacin cikowar ruwa. Wanda ya tsaya mako guda yana sayen kifi a hannun mutum ɗaya, shi ake kira cin abinci a gida. A yankinmu ana samun irin wannan a Kogin Gambiya da Kasamans ta kudancin Senegal, inda jirgi kan kwana gaban ƙauye yana jin kiran sallar asuba. Gaɓar Najeriya kuwa ba su cika zuwa ba, saboda tsoron 'yan fashin Mashigin Gini.

Ranar tashi iska ce ke yanke ta. Masu tsallaka Atilantika suna barin tsibiran Kanari, da ke teku daura da Maroko, daga ƙarshen Nuwamba, bayan lokacin guguwa ya wuce, su yi kusan kilomita 5,000 zuwa tsibiran Karebiyan na nahiyar Amurka cikin kimanin mako uku zuwa huɗu. Iskar da ke tura su daga arewa maso gabas take busowa, dangin hunturunmu ce. Da yawa kan ya da zango a garin Mindelo na tsibiran Kef Bad, yamma da Senegal, su cika ruwa, kuma a can sukan wayi gari su tarar da jar ƙura ta rufe filafilai da igiyoyi, irin wadda kake sharewa a kan bencin ajinka a watan Disamba.